Ruwan Gishiri: Inda Yake Ceton Rai da Inda Yake Kashewa

Duk wanda ya yi wayo a watan Agustan 2014 zai tuna daren da wayoyi suka hana mutane barci a Najeriya. Ni gwaggona ce ta kira ni tun kafin assalatu, muryarta na rawa: "Ɗan nan, tashi ka ɗora ruwa ka zuba gishiri, ka yi wanka ka sha, an ce shi ne maganin Ebola." Ƙauna ce ta sa ta kira, amma maganar ba ta da tushe. Cikin kwanaki kaɗan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa aƙalla mutum biyu sun rasu a ƙasar saboda shan ruwan gishirin nan. Ga shi kuma wannan gishirin ne, idan an auna shi an haɗa da sukari, yake ceto yara daga gudawa. Bambancin magani da guba a nan yana ga wani siririn tantani da ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta a jikinmu.

Tantanin nan siriri ne ƙwarai, sai an jera kusan dubu goma kafin su kai kaurin takarda ɗaya. Da maiƙo aka gina shi, shimfiɗa biyu, kamar yadda Gorter da Grendel suka nuna a ƙasar Holan a 1925 bayan sun tatsi maiƙon jajayen ƙwayoyin jini sun auna. Iskar da muke shaƙa da wadda muke fitarwa suna ratsa maiƙon kai tsaye. Gishiri da sukari kuwa ba su iyawa, sai ta ƙofofi na furotin da ke dashe a cikinsa, tamkar ganuwar Kano ta dā, kowace ƙofa da sarkin ƙofarta da irin kayan da ake bari su wuce. Ruwa ma yana da ƙofofinsa, waɗanda Peter Agre ya bayyana a 1992.

Ƙa'idar da za a riƙe ɗaya ce: ruwa yana bin gishiri. Ki yanka albasa ko kokwamba, ki barbaɗa gishiri, ki bar ta minti goma. Za ki ga ta yi laushi, ruwa ya taru a gindin kwano. Ba ki zuba ko ɗigo ba. Daga cikin ƙwayoyinta ya tsatso zuwa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Alayyahon da ya yi yaushi kuma, in an tsoma shi a ruwan sanyi, sai ya miƙe, don wannan karon ruwan ciki yake shiga. Da wannan ma'auni za mu gwada maganganun da ke yawo.

"Ruwan gishiri mai kauri yana kashe ƙwayar cuta a jiki." Ƙarya ne.

Tushen ruɗanin gaskiya ne: gishiri yana hana kifi da nama ruɓewa, domin yana zuƙe ruwan ƙwayoyin da ke ruɓar da su. To amma ba ya bambance tsakanin ƙwayar cuta da ƙwayar jikin mutum. Idan ya yi yawa a jini, abin da ya sami albasar nan shi zai sami ƙwayoyin ƙwaƙwalwa: su motse, mutum ya rikice, ya shiɗe, har a rasa shi. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda da jariri su ne kan gaba a haɗarin. Ita ƙwayar Ebola rigar maiƙo gare ta, wadda take yagowa daga tantanin wanda ta kama, kuma abin da ke wargaza wannan riga a hannu shi ne sabulu, kamar yadda yake cire maiƙo a tukunya.

"Mai gudawa a rage masa ruwa, don in ya sha zai ƙara zubarwa." Ƙarya ne, kuma tana cin rayuka.

Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. A cutar amai da gudawa, dafin ƙwayar kwalara yana buɗe wata ƙofar gishiri a tantanin hanji ya bar ta a wangame. Gishiri ya kwarara cikin hanji, ruwa ya bi shi, shi ya sa bahayar ke fita kamar ruwan wankin shinkafa. Hana shan ruwa ba ya rufe wannan ƙofa. Idan idon yaro ya zurma, leɓensa ya bushe, ko maɗigar jariri ta faɗa, jiki ne ke kukan ƙishi. Shafa magani a kan maɗiga ba zai ɗago ta ba. Ruwa ne zai ɗago ta. Kada kuma a janye nono.

"Sukarin da ke cikin ruwan gishiri da sukari don daɗi aka sa shi." Ƙarya ne.

Nan ne hikimar take. A tantanin hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun iso tare, hannu da hannu. Robert Crane ne ya bayyana ta a 1960. In sun shiga, wani famfo da ke ɗaya gefen ƙwayar hanjin, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957, sai ya tura gishirin wajen jini, ruwa kuma ya bi sawu. Abin godiya ga Allah shi ne dafin kwalara ba ya lalata wannan ƙofa. Ko hanji na zuba, ita tana nan tana aiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, ledojin ƙarin ruwa sun ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Sai ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari ana ba marasa lafiya da kofi. Mace-macen da suka kai kusan 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da 4.

"In an ƙara gishiri ko sukari, maganin zai fi ƙarfi." Ƙarya ne.

Ƙullin gishiri da sukari na asibiti, wato ORS, an auna shi ne daidai: gram 2.6 na gishiri da gram 13.5 na sukarin gulukos, da wasu sinadarai biyu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A duba abin da aka rubuta a jikin ƙullin, kada a rage ruwan. In babu shi, sai a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tule ba, da rabin cokalin na gishiri a lita ɗaya. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Sukarin da ya wuce kima yana zama a hanji ya janyo ruwa daga jiki, shi ya sa lemon kwalba ke tsananta gudawa maimakon ya tsayar da ita. A haɗa wa yaro da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

"Ƙarin ruwa ya fi na sha." Wani lokaci gaskiya ne.

Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko hankalinsa ya gushe, ƙarin ruwa yake bukata, a garzaya da shi asibiti. Wanda yake iya sha kuwa, kofi da cokali sun wadatar, kuma sun fi sauƙi da araha. A ƙarin ruwan ma awo ne. Ba a taɓa ɗura wa mutum zallar ruwa a jijiya, domin zai afka cikin jajayen ƙwayoyin jini su kumbura su fashe. Ledar ruwan gishiri da aka saba ratayawa tana ɗauke da gram 9 a kowace lita, gwargwadon abin da ya dace da jini.

Gwaggona tana nan da ranta, kuma yanzu ita ce ke dama wa jikokinta ruwan gishiri da sukari in cikinsu ya ɓaci. Na ga yadda take yi: ta ciko cokali, ta sa yatsa ta shafe kansa, ta ƙirga har shida, ta ɗanɗana kafin ta miƙa. Gishirin da ta ce in sha a wancan dare shi ne dai a hannunta. Cokalin ne ya shiga tsakani. Duk saƙon da ya zo maka ya ce ka sha wani abu, ka fara tambayarsa nawa ne, kuma a cikin ruwa nawa.