Ciniki na biyu ne riba: Yadda ɗalibi mai sana'a zai riƙe kwastomominsa

Da wuya yanzu ka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a ko kwaleji ba ka tarar da mai sana'a ba. Wata tana sayar da hijabi da mayafi, wani data da katin waya, wata cincin da zoɓo, wani kuma aski ko guga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, makarantu da dama sun ƙara kuɗin rajista, abin da iyaye ke turowa kuma ba ya kai ƙarshen wata.

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan sana'o'i ba sa wuce zangon karatu ɗaya. Jari ya narke, kaya su yi kwantai, ka tambayi mai shi ya ce maka babu kasuwa. Alhali sau tari kasuwar tana nan. Matsalar ita ce mai sana'ar ya duƙufa wajen farautar sabon mai saye, ya manta da wanda ya riga ya ba shi kuɗinsa jiya. Sabon kwastoma sai ka kashe data da lokaci da yawun baki kafin ya yarda da kai, wanda ya taɓa saye kuwa ya ji daɗi, tuni kawai yake buƙata.

Wa kake sayar wa?

Idan aka tambaye ka su wa ke sayen kayanka ka ce kowa da kowa, to da sauran aiki a gabanka. Mai sayar da turare ga 'yan aji ɗaya da suka shigo makaranta da ɗan guzurinsu, ƙananan kwalabe masu sauƙin kuɗi zai tanada. Mai sayar wa ma'aikatan makaranta kuwa ya san ƙarshen wata ne lokacinsa. Ka zauna ka rubuta sunayen mutum 10 na ƙarshe da suka sayi kayanka, ka duba abin da ya haɗa su. Su ne kasuwarka, kuma irinsu za ka nema.

Haka lokaci yake da nasa tasiri. Makon dawowa hutu na masu bokiti da kwanuka da littattafan rubutu ne. Lokacin jarrabawa na masu abincin da ba a jira ne, domin babu mai lokacin ɗora tukunya. Mai kayan sallah da ya bari sai goman ƙarshe na azumi kafin ya fara talla, ya makara, domin teloli sun daɗe da rufe karɓar ɗinki.

Faɗi kuɗin kayanka a fili

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu, a sa hoton kaya a rubuta cewa mai son jin farashi ya biyo ta bayan fage. Wannan yana korar mai kunya, wanda ke tsoron ya tambaya ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa, yana kuma sa mutane zargin kowa da kuɗin da ake yanka masa. Ka rubuta farashi da girman kayan da inda za a karɓa a jikin hoton.

Amma kafin ka yanke farashi, yi lissafi. A ce kin haɗa zoɓo roba 40, kin kashe naira 6,000 a kayan haɗi da robobi da ƙanƙara, da wata naira 1,000 a kuɗin mota da data. Kowace roba ta tsaya miki a naira 175 ke nan. Idan kin sayar a 250, ribarki 3,000 ce. Idan kin karya zuwa 200 don ki ƙwace kasuwar maƙwabciyarki, ribar ta koma 1,000, kuma roba biyar kacal aka ci bashi ba a biya ba, kin yi wahalar banza. Araha ba ta ado, kuma wanda araha ta kawo maka, ranar da ya ga wanda ya fi ka sauƙi zai bar ka.

Wayarka shagonka ce

Yawancinmu a sitatus na WhatsApp muke talla. Ka tuna cewa abin da ka ɗora yana ɓacewa bayan awa 24, kuma sai wanda kuka ajiye lambobin juna ne yake gani. Saboda haka duk wanda ya saya, ka roƙe shi ya ajiye lambarka, kai ma ka ajiye tasa. Kada ka jera hotuna 30 a lokaci guda, mutane wucewa za su yi. Uku ko huɗu masu haske sun wadatar, kuma su zama na ainihin kayan da ke hannunka. Wanda ya ga atamfa a hoto aka kawo masa wata daban, ba zai dawo ba, kuma sai ya faɗa wa duk 'yan ɗakinsu.

Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce. Tana ba ka damar jera kayanka da farashinsu a wuri ɗaya da ba ya gogewa, da yi wa kwastomomi alama don ka san wanda ya biya da wanda ke jiran kaya. Akwai kuma hanyar aika saƙo ɗaya ga mutum har 256 a lokaci guda, kowa ya same shi shi kaɗai. Ka yi amfani da ita jefi-jefi, idan sabon kaya ya zo. Ka guji cusa mutane a zaure ba da izininsu ba.

Darasi daga iyayenmu

Ba sai an je nesa ba wajen koyon riƙe kwastoma. Je ka Kantin Kwari a Kano ka ga yadda mai shago yake tarbar wanda ya zo sari daga wani gari: a ba shi wurin zama, a kawo ruwa, a tambayi iyali, sannan a shiga ciniki. Mai awo tana ƙara maka gyara a kan mudu. Mai shayin unguwarku ya san yawan sukarin da kake sha ba sai ka faɗa ba. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma.

Kai ma za ka iya. Sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta wanda ya saya, da abin da ya saya, da ranar. Bayan kwana biyu ka tura masa saƙo ka ji ko kayan sun yi. Wadda ta sayi man shafawa wata biyu da suka wuce, ƙila ya kusa ƙarewa, tuna mata. Wanda ya kawo maka abokinsa, yi masa ragi a sayensa na gaba. Idan ka ce ƙarfe huɗu kaya za su iso, su iso ƙarfe huɗu, in kuwa an samu tangarɗa ka riga shi kira. Idan aka kawo ƙorafi, ka saurara har ƙarshe, ka canja kayan idan laifin daga wajenka ne. Wanda ya yi ƙorafi ya ba ka damar gyarawa, wanda ya yi shiru ya tafi ne ka yi asararsa.

Idan sana'ar ta fara kafuwa, yi wa sunanta rajista a hukumar CAC, domin hakan zai ba ka damar buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, kuɗin jari su daina cakuɗuwa da na aljihu. Masu ƙulla abinci ko kayan shafa a mazubi don kai wa shaguna kuma su nemi lambar NAFDAC.

A wannan makon, kafin ka ɗora wani sabon hoto, ɗauki wayarka ka nemo mutum biyar da suka taɓa sayen kayanka suka yi shiru. Gaishe su, ka tambaye su yadda suka ga kayan, ka saurari amsar da kunnen basira. Abin da za su gaya maka shi ne zai nuna maka inda za ka fara gyara.