Kafin A Sauke Giyabos Ɗin Land Rover

A birnin Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, mai tsohuwar Land Rover yakan yi asarar kuɗi a banza idan giya ta ƙi shiga, domin sau da yawa akan sauke giyabos alhali laifin na kuloci ne.

Gwajin ba wuya. A kashe inji, a jarraba giyoyi ɗaya bayan ɗaya. In sun shiga lami lafiya, amma da an tā da inji sai gurnani, to kuloci ne ba ya saki. In an tattaka shi ya gyaru, iska ce ta shiga mansa, ko roba tana yoyo. In kuwa sun ƙi ko da inji a kashe, cutar tana cikin giyabos.

Sa'an nan a san ƙirar motar. Galibin Series IIA, wadda ta gabaci Series III ta 1971, giyarta ta ɗaya da ta biyu sai an taka kuloci sau biyu. Gurnanin nan ba lalacewa ba ne. Haka kuma, muddin sanda mai jan kai tana tsakiya, motar ba za ta motsa ba, kowace giya aka sa.