Thor ya kai fim huɗu, Sarauniya Mangu na da ɗaya tak

Wanda ya kalli Thor a salularsa a Ƙonni, Malbaza ko Illela zai iya ɗauka kamfanin Marvel na Amurka ne ya ƙago mai gudumar nan. Ba haka ba ne. Abin bautar mutanen arewacin Turai ne kafin su karɓi Kiristanci, kuma yawancin labaransa da suka tsira daga tsibirin Aislan suka fito, inda Snorri Sturluson ya rubuta littafin Edda wajen 1220. Tunda labaran suna rubuce, masu fim sun samu rijiyar ɗiba: 2011, 2013, 2017, 2022, kowane kashi na janyo na gaba.

A Nijar ma akwai abin ɗiba. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari sojojin Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, ƴan makonni kafin su yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kuma labaran baka cike suke da zancen asirinta. Abdoulaye Mamani ya mai da su littafi a 1980. Med Hondo ya yi fim a 1986 (a Burkina Faso ma aka ɗauke shi), ya ci babbar kyautar Fespaco a 1987. Har yau ba a yi masa kashi na biyu ba.