Kuɗin Fito Da Kwanon Awon Uwargida

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Gumel, da na Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, domin maganar yau a ƙofar gidanku take.

Uwargida, kin sha aiken yaro awo ya dawo ya ce miki kuɗin bai kai ba, an ƙara. Wani lokacin kuma ke ce kika sayi buhu biyu da kaka kika jingine a ɗaka, kina jiran bazara ki samu ɗan abin da za ki rage kayan ɗakin 'yarki, sai bazarar ta zo hatsin ya ƙi motsi, ko ma ya faɗi ƙasa da yadda kika saya. Mun saba cewa ruwan sama ne, ko 'yan kasuwa ne suka ɓoye. Duka suna faruwa. Amma akwai wani hannu na uku da yake taɓa kwanon awonki ba tare da kin gan shi ba, shi ne kuɗin fito da dokokin kan iyaka.

Mene ne kuɗin fito? Haraji ne da gwamnati take karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa, kuma jami'an kwastan ne suke karɓarsa, ko a tashar jiragen ruwa ta Legas ko a bakin iyaka irin ta Maigatari. Bari in yi miki misali da lissafi mai sauƙi, ba wai farashin kasuwa nake faɗa ba. Mu ɗauka wani ɗan kasuwa ya sayo buhun masara daga waje, ya iso Legas a kan Naira 50,000. Idan gwamnati ta ce sai ya biya kashi 20 cikin 100, to buhun ya zama Naira 60,000 tun ba a ɗora shi a mota ba. Manominmu na gida sai ya samu sarari, ya sayar da nasa Naira 58,000, kuma a yi rububinsa don ya fi sauƙi. To ranar da aka ce an janye harajin fa? Na waje ya koma 50,000, dole na gida ya sauko ya same shi, in ba haka ba ya kwana da kayansa. Kin ga ke nan idan an ɗora haraji mai sayarwa ne yake dariya, idan an cire mai saye ne. Abin da ya sa maganar ta shafe ki fiye da kowa shi ne, ke a gida ɗaya kina saye kuma kina sayarwa.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da masara da waken suya, mu da gero da dawa da wake da riɗi muke nomawa? Gaskiya ne ƙasarmu rairayi ce, damunarmu gajera, masara sai ɗan abin bayan gida ko na fadama. Masarar da kike tuƙa tuwo da ita yawanci daga wajen Saminaka da Giwa da Funtuwa da Dandume take fitowa, waken suyan da kike awara da shi kuma daga kudancin Kano da Kaduna da Binuwai, su biyo ta kasuwar Dawanau ta Kano kafin su iso mu. Sai dai hatsi 'yan uwan juna ne a kasuwa. Idan masara ta yi araha, mai gidan da ya saba awon dawa sai ya koma masara, dawa ta rasa masu saye, ta sauko, gero ya bi bayanta. Saboda haka jirgin masarar da ya tsaya a Legas, ko da ƙwaya ɗaya daga cikinsa ba ta zo Gagarawa ba, yana iya rage darajar geron da yake cikin rumbun maigidanki.

Mu dawo gida tukuna. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari take ci, kuma kowa ya san rabin ƙarfinta mutanen Nijar ne, na Dungas da Magarya har Damagaram. Su kawo shanu da raƙuma da tumaki da wake, su koma da gero da dawa da masara. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, musamman don hana shigo da shinkafar waje. Rufe iyaka ya fi kowane haraji tsanani, tunda shi haraji ka biya ka wuce ne, wannan kuwa ba wucewa sam. Shinkafa ta yi tsada, manoman shinkafa na wajen Hadeja suka ji daɗi. Amma a nan bakin iyaka, mai gero ya nemi manyan masu sayensa ya rasa, wanda kuma ya bi ɓarauniyar hanya sai ya cire kuɗin wahalarsa da na kasadarsa daga abin da zai biya manomi. Sai a watan Disamba na 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, kuma Maigatari tana cikinsu. Ba a jima ba, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. A watan Oktoba na 2024 kuma ita Nijar ta hana fitar da hatsinta, har da wake, zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. Mai ƙosai da mai alale, wannan taku ce, don wake mai yawa da ake ci a ƙasar nan daga can yake shigowa.

Ita masara ta sha jan-in-ja a 'yan shekarun nan. A watan Yuli na 2020 Babban Bankin Najeriya ya daina ba masu shigo da masara dala, wai don a ƙarfafa manomin gida. Masara ta yi sama. Masu kiwon kaji suka yi ta kuka, domin abincin kaza masara ce da waken suya, har kafin wata biyu gwamnati ta ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A watan Oktoba na 2023 bankin ya janye wancan hani baki ɗaya. Daga nan sai tsadar 2024, wadda ba sai na tuna miki da ita ba, kowace mace ta san yadda ta riƙa rage awo tana ƙara ruwa a koko. An cire tallafin man fetur, Naira ta faɗi, kuɗin mota ya ninka. Da kuka ya yi yawa, a watan Yuli na 2024 Ministan Noma Abubakar Kyari ya ba da sanarwar cewa an dakatar da kuɗin fito na kwana 150 a kan wasu kayan abinci: masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, daga baya aka haɗa da gero da dawa.

A nan ina so ki saurara da kyau, don mutane da yawa suna ɗora wa wannan sanarwa laifin duk abin da ya biyo baya. Harajin da yake kan masara da gero da dawa tun asali kashi 5 ne kacal cikin 100. Na alkama da wake ne ya kai kashi 20, na shinkafa kuma kashi 30. Cire kashi 5 shi kaɗai ba zai karya masara ba. A ganina abubuwa ne suka haɗu. Shinkafa da alkama sun samu sauƙi, mutanen birni suka koma kansu. Manoma da suka ga tsadar 2024 suka faɗaɗa gonaki, amfani ya yi yawa. Manyan 'yan kasuwa da suka cika ɗakunan ajiya suka ji labarin jirage na tafe, tsoro ya kama su, suka fito da kaya gaba ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ne abin lura: labarin cire haraji yana karya farashi tun kafin kayan su iso.

Ko ma dai mene ne, a shekarar 2025 hatsi ya yi warwas. A kasuwanni da dama buhun masara ya faɗi ƙasa da rabin kuɗin da ya kai a 2024, alhali taki bai sauko ba, har manoma suka riƙa cewa buhun masara ba ya sayen buhun taki. Mai awo kullum ta yi hamdala, kuma tana da gaskiya, yunwa ba abin wasa ba ce. Amma matar da ta kwashi adashinta da kakar 2024 ta sayi hatsi da tsada ta ajiye, ita da ta saba ganin riba kowace bazara, a wannan karon uwar kuɗin ma ba ta dawo daidai ba. Wadda ta ci bashi ta yi ajiyar kuwa, Allah dai ya kyauta.

Sai waken suya. Shi ba ya cikin kayan da aka cire wa haraji, amma nasa labarin ya fi nisa, don kaya ne na duniya. Manyan masu nomansa Barazil da Amurka ne, babbar mai saye kuma ƙasar Sin, wadda take ciyar da dabbobinta da shi tana kuma tatsar mai. A 2018 Shugaba Donald Trump ya ɗora haraji a kan kayan Sin, ita kuma ta rama a watan Yuli na shekarar da kashi 25 cikin 100 a kan waken suyan Amurka, ta juya ta koma saye a Barazil. Cikin 'yan watanni waken manomin Amurka ya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, sai da gwamnatinsu ta ware biliyoyin dala ta raba musu. A 2025 rigimar ta sake tashi, Sin ta yi watanni ba ta sayi nasu ba. To su an biya su diyya. Namu manomin wa zai biya shi?

Yadda abin yake zuwa kaskon awararki kuwa shi ne, kamfanonin da suke tatsar mai da masu haɗa abincin kaji su ne manyan masu sayen waken suya a ƙasar nan, tare da masu fitar da shi waje. Kafin su yanka farashi a Dawanau sai sun duba nawa yake a kasuwar duniya, nawa kuma dala take. Idan na waje ya yi araha, ba za su saya da tsada a gida ba, tunda suna iya sayowa daga can, kamar yadda aka sayo na Amurka a 2024. Idan na waje ya yi tsada ko Naira ta faɗi, sai masu fitarwa su kwashe na gida, ke kuma ki ga kwanon da kika saya jiya ya ƙara kuɗi, ki rasa yadda za ki yi da yankan awarar da yara suka saba saye.

To me mace za ta yi, ita da ba ta zuwa kasuwa balle ofishin kwastan? Rediyonki shi ne jarinki na farko. Idan kika ji a labarai an ce an cire haraji a kan abinci, ko an ba da izinin shigo da masara, ko za a rufe iyaka, kada ki ce wannan zancen maza ne ki murɗa tasha. In kina da hatsin sayarwa a ɗaka, lokacin shawara da maigida ya yi, don mai yiwuwa farashin ƙasa zai yi, kuma gara a sayar da rabi da wuri. In kuwa aka ce an buɗe Maigatari, ko an hana shigo da wani abu, to wannan abin sama zai yi. Ranar Alhamis idan maigida ko ɗanki ya dawo daga kasuwa, kada tambayar ta tsaya a nawa kwano. Ki tambaye shi, mutanen Nijar sun shigo da yawa? Motocin Kano saye suka zo yi ko saukewa? Amsar wannan ta fi farashin ranar nuna miki inda aka dosa.

Ajiyar hatsi sana'a ce mai kyau, iyayenmu sun yi ta sun aurar da 'ya'ya da ita, ba na ce ki daina ba. Amma ki fara ware abincin gida na shekara, wannan ba a taɓa shi ko farashi ya kai ina. Abin da ya rage shi ne na kasuwa, kuma da kuɗinki za ki saya, ban da bashi. Kada kuma ki zuba duk adashinki a abu ɗaya. Riɗi da zoɓo da ake nomawa a nan ƙasar tamu waje ake fita da su, hanyarsu daban da ta gero da masara, ba lalle ne su faɗi tare ba. Wake kuma in za ki ajiye, ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga, ki bar zuba masa maganin ƙwari barkatai. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma cikin da zai ci shi a gida na 'ya'yanki ne.

Idan kuma arahar ta riga ta same ki da kaya a hannu, ba lalle ne ki zubar da shi a kasuwa kina kuka ba. Shekarar da masara da dawa da dusa suka yi araha ita ce shekarar kiwo. Hatsin da ba shi da daraja a buhu, ki ba kaji su mayar miki da shi ƙwai, ko ki turke rago ki ciyar da shi zuwa Babbar Salla. Mai fura da mai koko da mai waina su ma a irin wannan lokacin ribarsu take faɗaɗa, tunda awo ya sauka amma ba a cika rage kuɗin dafaffe da sauri ba. Ke mai awara, in kika samu waken suya ya sauko da kaka, wato wajen Nuwamba zuwa Disamba, ki sayi na 'yan watanni in da hali, ki tabbatar ya bushe sarai, ki ɗora shi a kan katako nesa da danshi.

Lokaci ya cimma mana. Wadda take da tambaya ta sa a rubuto mana, za mu karanta a nan in sha Allahu.