Buffalo: shebur bayan guguwar dusar ƙanƙara

A watan Nuwamba na 2014 dusar ƙanƙara ta zuba a kudancin birnin Buffalo na jihar New York a Amurka, har ta kai kusan mita biyu a wasu unguwanni. Mutum fiye da goma suka rasu, kuma wasunsu da shebur a hannu ajali ya riske su, zuciyarsu ta buga suna tsaka da buɗe hanyar fita daga gida.

Birnin yana bakin tafkin Erie. A farkon hunturu ruwan bai daskare ba, ya fi iskar da ke tasowa daga Kanada ɗumi. Iskar sai ta ratsa saman tafkin, ta kwashi danshi, da ta hau tudu ta juye shi a matsayin dusar ƙanƙara. Shi ya sa wata unguwa take nutsewa, wata kuma da ke kusa ana ganin kwaltarta.

Shirin tarbar guguwa ba ɓoyayye ba ne a wurin mutanen can: abincin kwanaki, ruwan sha, magungunan masu jinya, tocila da batir, tankin mota a cike, bargo a bayanta. Wahalar tana zuwa ne bayan sama ta yi shiru.

A birnin New York na wannan jihar, alal misali, doka ta tilasta wa mai gida ya share hanyar masu tafiya a ƙafa da ke gabansa cikin awa huɗu da tsayawar dusar, ban da lokacin dare, in ba haka ba a ci shi tara. To, a nan ne magidancin da ya shafe watanni bai ɗaga abin da ya fi jakar cefane nauyi ba zai fito da sassafe ya hau aiki. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, jini ya hau. Aikin hannu da kafaɗa ya fi wahalar da zuciya a kan aikin ƙafa, ga shi kuma mutum kan riƙe numfashi idan zai ɗaga kaya. Dusar da ta jiƙe kuwa nauyinta kamar na jiƙaƙƙen yashi ne. Wani binciken da aka wallafa a 2017 kan asibitocin lardin Kwibek na Kanada ya nuna cewa washegarin zubar dusar ƙanƙara mai yawa ana samun ƙarin maza da ke kamuwa da bugun zuciya. Ba a ga haka a mata ba, ana kuma kyautata zaton don maza ne suka fi ɗaukar shebur.

Shawarar likitoci ba ta da tsada, sai dai girman kai kan hana a bi ta. A tura dusar gefe maimakon a riƙa jifa da ita, a yi kaɗan a huta, kada a fita bayan an cika ciki. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya biya yaran unguwa su yi masa. Wanda ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi ya ajiye shebur, ya kira motar asibiti.

Sai hayaƙi. Idan dusar ƙanƙara ta toshe salansar mota, wanda ya zauna ciki da inji a kunne don jin ɗumi zai shaƙi iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Ita ce dai ke hallaka iyalan da suka kwana da janareta a cikin ɗaki a garuruwanmu. A guguwar Disamba ta 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 40 a yankin Buffalo, an tarar da wasu a cikin motocinsu.