Sabunta aikatau a cikin ƙagaggen labari

Idan muka duba ƙagaggun labarai na Hausa, za mu tarar ƴan aikatau kaɗan ne ke ɗauke da galibin jimloli: yi, ce, tafi, ci, sha. A nahawu ba su da laifi, amma sukan ɓoye wa mai karatu yadda aikin ya auku. «Ya tafi» bai nuna ko mutumin sulalewa ya yi, ko arcewa, ko kuwa ficewa a fusace ba. Haka «ta sha ruwa»: wadda ta kurɓa dabam take da wadda ta kwankwaɗa.

A ganinmu, kafin marubuci ya shiga tonon tsofaffin kalmomi a ƙamusun Bargery na 1934, gara ya fara da tsarin aikatau kansa. Tun 1960 Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, galibinsu da ma'anar da suke ƙarawa. Daga «saya» muna samun sayo, saye, sayar, sayu. In an rubuta «ya shanye», an gaya mana ko ɗigo bai rage ba, kuma ba a ƙara kalma ba. Ninki ma haka yake: «ya dudduba ɗakunan» na nuna ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

«Ce» kam, a tsakiyar zance, muna ganin a ƙyale ta. In kowane ɗan wasa yana raɗawa ko daka tsawa a layi bayan layi, hankalin mai karatu sai ya bar maganar ya koma kan marubucin.