Idan Bidiyo Ya Tsaya Yana Lodi, Ina Za a Fara Dubawa?

Da zarar fim ya ƙame a allo, zoben nan ya hau juyawa, abin da mutanen gida ke cewa shi ne "yau sabis ba kyau." Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa matsalar tana cikin gidan, tsakanin rauta da kwamfutar da aka jona wa talabijin, kuma wanda ya yi gaggawar sauya layi ko ƙara kuɗin data zai tarar da ita tana nan daram.

Bidiyon da ake kallo ta intanet ba gaba ɗayansa yake saukowa ba. Manhajar kallo tana janyo 'yan daƙiƙoƙin da ke gaba ta ajiye, sannan ta riƙa nunawa daga ajiyar, kamar randar da famfo ke zuba wa ruwa ana kuma ɗiba. Muddin abin da ke shiga ya kai wanda ake ɗiba, ba wanda zai ga komai. Idan randar ta ƙafe, sai hoto ya tsaya har ruwa ya sake taruwa.

Abin da ake ɗiba ɗin ma bai kai yadda ake zato ba. Netflix na ba da shawarar megabit 3 a daƙiƙa don hoton 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K. Shi ya sa, a ganina, ɗorewa ta fi gudu muhimmanci. Layin da ke ba da megabit 8 ba yankewa ya fi wanda zai kai 40 yanzu, an jima ya yi shiru na rabin minti.

Gwajin farko shi ne na waya. A haɗa kwamfutar da rauta kai tsaye da wayar Ethernet, ko da aro ce, a kashe Wi-Fi, a sake kunna bidiyon da ya gagara. Idan ya tafi sumul, an wanke kamfanin intanet, laifin na Wi-Fi ne. Za a iya tabbatarwa, bayan an koma kan Wi-Fi, da umarnin ping zuwa adireshin rauta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. A cikin gida ya kamata amsa ta dawo cikin 'yan milisakan. Idan tana tsalle zuwa ɗaruruwa, ko wasu saƙonnin suna ɓata a hanya, to an kama bakin zaren.

Wi-Fi na yawancin gidaje zango biyu gare shi. Na 2.4 GHz ya fi ratsa bango da cin nisa, sai dai cunkoso ya yi masa yawa: tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga rautocin maƙwabta, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci, duk a nan suke. Na 5 GHz ya fi gudu da sarari, amma bangon bulo biyu ko uku sun isa su raunana shi. Don haka rautar da aka tura bayan talabijin, ko aka rufe cikin durowa don kada yara su taɓa, an riga an karya mata ƙarfi. A ɗora ta a sama, a fili, kusa da falo. Kwamfutar da ba a yawo da ita kuwa ba ta da dalilin zama a kan Wi-Fi, a ja mata waya kawai.

Ita ma wayar tana iya yaudara. Nau'in Cat5e na ɗaukar megabit 1,000 har nisan mita 100, amma sai dukkan siraran wayoyi takwas na cikinta suna aiki. Idan ƙofa ta datse ɗaya, ko mai haɗa kan bai matse shi da kyau ba, haɗin kan koma megabit 100 ba tare da wata sanarwa ba. Shafin bayanan netwok na Windows yana nuna wannan adadi, kuma dubawar ba ta cin minti ɗaya.

Masu ajiye finafinai a kwamfuta ɗaya suna kallo a wata, ta Plex ko Jellyfin ko Kodi, su sani intanet ba shi da hannu a nasu lodin. Fim daga faifan Blu-ray kan kai megabit 40, na 4K kuma yana iya haura 100 a wuraren da hoto ke yawan motsi, alhali talabijin da dama ramin wayarsu iyakarsa 100 ne. Akwai kuma lodin da ba na netwok ba ne sam. Idan na'urar kallo ba ta gane tsarin H.265, sai kwamfutar ajiya mai Plex ko Jellyfin ta riƙa sauya fim ɗin nan take zuwa H.264, aikin da kan fi ƙarfin tsohuwar kwamfuta. Alamarsa ita ce fanka na ihu, Task Manager kuma na nuna furosesa ta cika maƙil.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, a duba masu shan data a ɓoye: Windows na sauke sabuntawa, wayoyin hannu na mutanen gida na tura hotuna ma'ajiyar intanet.

Idan an yi duk wannan, ga waya a jone, bidiyo bai daina tsayawa ba, sai a auna layin a fast.com da safe, a sake aunawa bayan isha'i. Idan gudun ya faɗi warwas da dare, cunkoso ne a turken sabis na unguwa, kuma sabuwar rauta ba za ta magance shi ba. Mai MiFi ya matsar da ita bakin taga, a rage hoto zuwa 720p, ko a sauke fim ɗin da asuba a kalla da dare.